Tsuntsuwar Safiyo

"Malama, don girman Allah kada ki yi tari."

"Ai ban yi ba."

"Kina shiri. Ina jin maƙogwaronki yana ɗaura ɗamara."

Na haɗiye tarin, ya fito ta ido. Safiyar Asabar ce, bakwai saura, ni da maƙwabcina Safiyo muna zaune kan kujerun roba a ƙofar gidansa, kowa da mayafi a gwiwa, mun ƙura wa famfo ido. Famfo dai da kuka sani, na ƙarfe, tsaye a gindin katanga yana ɗiga. Asabar ta huɗu kenan muna wannan aiki. Shi shekararsa saba'in da takwas, ni saba'in da huɗu, kuma dukanmu biyu muna da takardun shaidar ilimi a akwati.

Wani ɗan tsuntsu ya sauka gindin famfon.

"Ga ta!" na ce.

"Gwara ne, Malama. Jiya ma shi ne. Saura kaɗan ya fara gaishe ki."

Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta fito da tiren shayi ta dire a tsakaninmu da ƙarfi, gwaran ya tashi.

"Masu gadin famfo, a sha shayi. Ko sai ya ba da izini?"

"Ssss!"

"Ni kake yi wa ssss a gidana, Baban 'Yan Biyu? Da girmanka?"

Bari in faɗi yadda aka yi na tsinci kaina a wannan kujera. Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanina da mutanen nan. Safiyo ya yi shekara arba'in yana awon filaye, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa kafa turken iyaka wani ya zo ya tuge ba. Da ya yi ritaya na zaci kiwon kaji zai kama, ko gardamar labarai a ƙofar gida kamar sauran tsofaffi. Sai ya kama kallon tsuntsaye. Ba ya kama su, ba ya kiwonsu, ba ya cin su. Ya kalla ya rubuta a ɗan littafi: rana, lokaci, wuri, da abin da tsuntsun yake yi. Har ƙungiya gare su, tsofaffi tara. Duk Asabar su cika motar wani tsohon likitan haƙori, wanda shi ne sakatarensu, su tafi bakin tafki da huluna masu faɗi da madubin hangen nesa a wuya. Tun Laraba ake shirin Asabar ɗin, ana ta waya, ana gardamar wa zai zauna a kujerar gaba. Safiyo ne yake cin gardamar, don ya fi kowa tsawon ƙafa.

Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ni na koyar da kimiyya shekara talatin da huɗu, kuma na ga mutanen da suka zagaya duniya suka dawo da mura da mariƙin makulli kawai. Bara ɗaya daga cikin 'yan biyunsa, wadda ke aure a ƙasar waje, ta aiko masa tikitin hutu na mako uku. Matarsa ba ta je ba saboda ciwon gwiwa, amma ta rubuta masa jerin tsaraba, na farko a ciki hotunan jikoki. Ya dawo da hoto ɗari shida da sha ɗaya. Ya tara mu a falo, ya haɗa kyamara da talabijin.

Agwagwa. Agwagwa ta juya baya. Wani abu a kan wayar lantarki. Agwagwar ɗazu da ƙawarta.

"Baban 'Yan Biyu, ina jikokina?"

"Ki yi haƙuri, suna tafe."

Sai wajen hoto na ɗari huɗu ya ce, "Yauwa! Kin ga gefen nan na hagu? Kunnen ƙaramin ne. Shigo mini gaba ya yi."

Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani, ta ce daga ranar in ta ƙara kallon hoton tsuntsu, ko a kwalin ashana ne, a sake mata suna. Ni na zauna har ƙarshe, don ina son in ga iyakar abin. Hoton ƙarshe ciyayi ne kawai a bakin ruwa.

"Nan take tsaye," in ji shi a hankali, "kafin ta tashi."

Wata 'yar tsuntsuwa ce ya gani ranar da zai taho, a bayan gidajen da 'yarsa take. Ruwan ƙasa ce, ba ta cika tafin hannu ba, amma maƙogwaronta shuɗi kamar an ɗiga mata tawada. Ya sa mata suna Baƙuwa. Tun daga ranar ya fara shirin komawa hutu na gaba, ya sabunta fasfo, ya zana taswirar bakin ruwan da alamar inda zai tsaya.

Bayan wata biyar, wata Talata da sassafe, ya buga mini ƙofa da silifa a ƙafa ɗaya.

"Malama, ta zo! Gindin famfo. Daƙiƙa bakwai, na ƙirga."

"Wa ta zo?"

"Baƙuwa!"

"Da biza ta shigo ko ta ɓarauniyar hanya?"

Bai yi dariya ba. Kyamara tana cikin kabad lokacin, ba hoto. Babban littafinsu kuma ya ce in sanyi ya koro irinta daga ƙasashen can, hanyarta tana wucewa nesa da mu da kilomita ɗari huɗu. Dokar ƙungiya ita ce, tsuntsun da littafi bai yarda da zuwansa ba, ba a shigar da shi rajista sai da hoto, ko da shaida ta biyu wadda ba ta cikin iyali ba. Da ya kai labarin, Sakatare ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaya, magungunan nan da muke sha ba abin da ba sa nuna wa mutum. Ni ranar nan rigata na gaisar a jikin ƙusa."

Wannan magana ita ta ci shi. Mutumin da idonsa ya raba gardamar gonaki shekara arba'in, yau an jera shi da mai gaida riga.

"Sakatare ya ce in ke kika sa hannu ba mai ja," in ji shi, yana miƙo mini fom ɗin shaidar. Kowa a unguwa ya san na taɓa kayar da ɗan mai makarantar da nake koyarwa saboda maki biyu.

Ni ban yarda da littafin ba ɗungurungum, don tsuntsu ba ya karatu, bai san inda aka ce kada ya je ba. Amma ban yarda da Safiyo ba shi ma. Na ce in na gani da idona zan sa hannu.

Akwai kuma abin da ya hana ni ƙin zaman. Famfon nan ya shekara biyu yana yoyo, ruwan yana bi ta ƙarƙashin katanga yana jiƙa mini ƙofa. Na yi mita har na gaji, na kira mai gyara da kaina. Bawan Allah bai tashi zuwa ba sai Talatar nan da rana, Safiyo yana can wurin Sakatare. Ya dawo ya tarar da famfo ƙamas, 'yar laka da ciyawar da tsuntsuwar ta sauka a kai har an share. Ya tsaya ya dubi wurin, ya shige gida. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari ya sa aka kira mai gyaran.

"Baba, shekara ashirin ina wannan sana'a, ba a taɓa kirana in ɓata famfo ba."

"Ba ɓatawa za ka yi ba. Mayar da shi za ka yi yadda ka same shi. Ɗigo ashirin da biyu a minti."

Mutumin ya dube ni, na kau da kai. Ya kwance, ya ɗaure, Safiyo yana tsaye da agogo a hannu. Sha tara. Talatin. Ashirin da huɗu. A nan mai gyaran ya tattara kayansa ya ce yana da wani aiki a gaba, na mutane masu son ruwa ya tsaya.

Haka muka zauna Asabar huɗu. Shi kullum yake zama, ya ma daina bin mota zuwa tafki. Ni na ce hutun ƙarshen mako kawai zan iya bayarwa, duk da cewa tun da na yi ritaya duk kwanakina hutu ne. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Na sha gaya wa ɗalibaina dutse ba ya dahuwa, itace kawai ake ƙonawa. Na ga gwara, na ga kurciya, na ga ƙadangare mai jan kai wanda Safiyo ya ce ba ya cikin lissafi.

Asabar ta biyar bai fito ba. Zuciya ce, dama ta daɗe tana yi masa gargaɗi. Likitan asibiti ya hana shi iskar safe, aka kwantar da shi a ɗakin da tagarsa ke kallon titi. Ni kaɗai na zauna da madubinsa a wuya, nauyinsa kamar dutsen niƙa, ina ba shi rahoto ta taga.

"Kurciya biyu!"

"Rubuta!"

"Mai kwasar shara!"

"Kada ki rubuta!"

Muryar tana raguwa kullum. Na koma zama kowace safiya ba tare da an roƙe ni ba. 'Yan ƙungiya suka zo dubiya, suka yi ta hirar tafki, ba wanda ya ambaci Baƙuwa, kuma wannan shirun nasu na ga ya fi maganar riga yi masa ciwo. Da suka fita ya ce mini, "Tausayina suke ji, Malama. Ba a tausayin mai gaskiya."

Ranar Talata na ɗauki babban littafin na kai gidana, na yi masa irin karatun jarrabawa. Laraba bayan azahar na shiga ɗakinsa. Akwatin tafiya yana saman kabad, takardar jirgi ta bara tana nan ɗaure a hannunsa. An jera magunguna a farantin ƙanƙarar firji, kowane rami da ranarsa. Ya rame har agogo yana yawo a hannunsa.

"Na gan ta," na ce.

Bai motsa ba. "Yaushe?"

"Yau, bakwai da minti goma."

"Zauna. Maƙogwaro?"

"Shuɗi, da baƙin layi a ƙasa, sannan ja-ja."

"Saman ido?"

"Farar gira."

"Wutsiya?"

"Ja-ja daga tushe, baƙa a ƙarshe."

"Madalla. Shafi na ɗari biyu da sha huɗu kenan. To da ta sauka, me ta yi?"

"Ta yi... tsalle-tsalle, kamar kowane tsuntsu. Ta sha ruwa ta tashi."

Sai na ga bargon yana rawa. Na zaci ciwon ne ya motsa, na miƙe zan kira matarsa, ashe dariya yake yi. Dariya har da hawaye, har da tari, yana nuna ni da yatsa.

"Malama! Shekara talatin da ɗaya ban taɓa jin kin yi ƙarya ba. Ni na ɗauka tsoron Allah ne. Ashe rashin iyawa ne!"

"Sai ka yi ta yi. Ni na ɗauko wa kaina."

"Gudu take yi," ya ce da numfashinsa ya dawo. "Ɗan gajeren gudu, kamar an aike ta. Sai ta tsaya cak, ta banƙaro ƙirji, ta ɗaga wutsiya sama ta buɗe. Mai littafin bai zana wannan ba, a zaune ya yi aikinsa."

Maman 'Yan Biyu tana bakin ƙofa da kwanon ruwan ɗumi. Ta ajiye kwanon a hankali ta fita, ko baƙar magana ɗaya ba ta yi ba, abin da ban taɓa gani ba.

Ya zaro fom ɗin daga ƙarƙashin matashi ya ba ni. "Riƙe. In kin gani ki sa hannu. In ba ki gani ba ki bar shi fari. Gara a ce Safiyo ya gaida rigarsa, da a ce ya kafa turke a filin da ba nasa ba." Ya rufe ido. "Amma na gode. Rabon da in yi dariya haka tun ranar da Sakatare ya faɗa tafki."

Alhamis jikin ya rikice. Juma'a wajen sha ɗaya na safe ya ce wa matarsa ta kira Sakatare ta gaya masa kujerar gaba ba kowa gobe. "Amma gobe kawai," in ji shi. Ta fita neman wayar, ta dawo ta tarar ya cika.

Gida ya cika da masu ta'aziyya. Wata ƙanwarsa ta yi ta gaya wa mutane cewa ita dama ta sani, don mujiya ta yi kuka a kan rufin a makon nan. Na ɗauko ɗan littafinsa na nuna mata: mujiyar nan shekara goma sha ɗaya tana kuka a kan rufin, kuma duk ya rubuta. In da kukanta na kisa, da ba wanda ya rage a layinmu sai ita. Matar ta ja kujerarta ta koma can gefe.

'Yan ƙungiya suka zo su takwas, huluna a hannu, suka zauna a jere ƙarƙashin rumfa. Ana addu'a wani abu ya gitta a sama, kawuna takwas suka ɗaga lokaci guda, suka sauke da kunya. Bayan an shafa, Sakatare ya matso kusa da ni, idonsa ja.

"Malama, mun yi shawara. Ki sa hannun kawai. Za mu shigar da ita da sunansa, don girmamawa."

"Ka yarda ya gan ta?"

Ya juya hularsa. "Ai yanzu wannan ba shi ne..."

"Shi ne. Ban gani ba, Likita."

Na ji wata a bayana tana cewa tsohuwar nan zuciyarta dutse ce. Ban juya ba. Na koma gida na zauna da fom ɗin a cinya, kuma ba zan ɓoye ba, sau biyu ina cire murfin biro.

Ranar Talata, baƙi sun ragu, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa shida da rabi na safe. Maman 'Yan Biyu ce, fuska a kumbure.

"Ɗauko takardar nan taki ki biyo ni. Ba ta gaba ba, ta nan."

Muka bi ta ɗan lungun da ke tsakanin gidan da katanga, inda ake jingine tsintsiya da tsofaffin bokitai, muka ɓulla bayan kicin. Wuri ne da bai fi tabarma biyu ba. Bututun wanke-wanke yana zubowa cikin wata 'yar kwata, ciyawa ta yi kore shar a gefenta, ga inuwar bishiyar lemo.

"Wata 'yar rainin hankali ce take zuwar mini nan tun ranar da kika gyara famfo," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ni ina na san ita ce? Shi kullum shuɗi, shuɗi. Ni kuwa daga tagar kicin bayanta kawai nake gani. Sai da na ji yana gaya miki gudu da ɗaga wutsiya, na ce la ila, 'yar kwatata ce."

"Kin gaya masa?"

"A yammacin. Ya ce, 'Bayan kicin?' Na ce bayan kicin. Shi ya zana gidan nan da hannunsa, Malama, amma tun da aka gina ƙafarsa ba ta taɓa zagayowa nan ba. Ya rufe ido yana lissafi, sai ya ce, 'Mita goma sha ɗaya daga gadon nan.' Na ce ka ga, da kana taya ni wanke-wanke da ba ka sabunta fasfo ba. Ya ce a ɗauke shi a kai shi. Na ce da safe." Ta goge hanci da gefen mayafi. "Da safen kuma kin ga yadda jikin ya koma."

Na dubi kwatar, na dubi fom ɗin da ke hannuna.

"Ya ce shaidar iyali ba ta shiga fom, in kai ki. Na ce ka warke ka kai ta da kanka, ni ba 'yar ƙungiya ba ce." Ta kifa mini bokiti. "Zauna. Sai an zubar da ruwan kofuna take zuwa."

Ta shiga kicin, na ji ƙarar kofuna, ruwa ya gangaro ta bututu da 'yar kumfa a kansa. Ta fito ta zauna kan turmi kusa da ni, karo na farko da ta zauna ta wannan gefen tagar. Can a titi mai kwasar shara yana jan amalankensa.

Daga ƙarƙashin lemon wani abu ruwan ƙasa ya fito da gudu, ɗan gajere. Ya tsaya cak. Wutsiya ta tashi sama ta buɗe, ja-ja daga tushe. Sai ta juyo ta fuskance mu. Shuɗin bai kai na littafi ba, ya ɗan koɗe, kamar rigar makaranta a ƙarshen zango.

"Ashe da gaske shuɗi ne," in ji Maman 'Yan Biyu, can ƙasan maƙoshi.

Fom yana kan gwiwata, biro yana hannuna, amma ban motsa ba tukuna. Tsuntsuwar ta sunkuya tana tsintar wani abu a laka, kumfar sabulu tana wucewa a hankali ta gefen ƙafafunta.